WARIN DADDAWA DA SATAR ƁERA

Akwai wani karin magana da muka gada kaka da kakanni wanda na daɗe ina jin haushin yadda muke amfani da shi. Yau dai na ce sai na amayar da abin da ke cikina, wadda maganar ta taɓa ta yi haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Karin maganar kuwa shi ne wai in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ga abin da ya tunzura ni. Da kakar nan, lokacin da ake ta casar masara da waken suya, na je suna wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Bakori. Muna tsakar gida ana rabon tuwo, sai zance ya faɗo kan wata yarinya mai tallar awara, ba ta wuce shekara 13 ba. Wani magidanci ne ya kira ta shago wai zai saye kayan duka, ya tura ƙofa ya yi mata fyaɗe. Ina zaune ina jin tambayoyin da mata ke yi. Me ya kai ta cikin shagon? Don me ba ta yi ihu ba? Ai dama yarinyar ta cika rawar kai, kullum da jan baki da gazal. Wai ma ina uwarta take? Can sai wata dattijuwa ta rufe zancen da karin maganar nan, kowa ya gyaɗa kai. Wallahi har aka tashi ban ji mace ɗaya ta tsine wa mutumin ba. Wadda ma ta tuna da shi cewa ta yi, "Allah Sarki, ga shi da mata biyu da 'ya'ya rututu, a dai rufa masa asiri."

To kin ji fa, an bar jaki ana dukan taiki.

Kada wata ta ce ina hana a ja wa yara kunne. Haba, ni ma uwa ce, kuma na san rigakafi ya fi magani. Idan kin ce wa ɗiyarki kada ta shiga ɗakin gwauro, kada ta kai magariba a tasha, kada ta bi hanyar gona ita kaɗai, kin yi aikinki na uwa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma ita nasiha tana da lokacinta, kafin abin ya faru ne. Idan ya riga ya faru, yarinya na kwance tana jini tana kuka, kika ɗauko nasihar jiya kika mayar da ita tuhuma, to kin tashi daga uwa mai kariya kin koma lauyar wanda ya cuce ta, ko kin sani ko ba ki sani ba. Duk ɗan laifin da kika ɗora wa yarinyar, daga kan mutumin kika sauke shi.

Mu ɗauki misali da abin da muka sani. Manomi ya tara buhunan masara a sito yana jiran ranar kasuwar Dandume, ɓarayi suka fasa cikin dare suka kwashe. Me mutane ke yi? Jaje suke zuwa, su ce Allah Ya mayar da alheri, Allah Ya tona asirin ɓarawo. In an kama shi ba wanda zai tashi a gaban alƙali ya ce a yafe masa don kwaɗon sito ƙarami ne. Haka wanda 'yan fashi suka tare a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ba a ce masa ai kai ma da warinka, don me ka fito da kuɗi? Ashe ke nan mun fi tausayin buhun masara a kan 'ya mace.

Yanzu mu tsaya mu kalli karin maganar kansa. Ita daddawa warinta halittarta ce, ko kin zuba ta a tukunya kin rufe kin aza dutse, daddawa ce. To mene ne warin yarinya 'yar shekara 13? Ba komai ba ne illa Allah Ya halicce ta mace, wannan kuwa ba abin da za ta tuɓe ta ajiye a gida ba ne. Shi kuma ɓera dabba ne, ba shi da hankali, ba a aiko masa Annabi ba, ba za a tashe shi a tambaye shi hisabin daddawa ba. Duk ranar da muka kwatanta namiji baligi da ɓera, mun ba shi uzurin dabba ke nan, wai ba ya iya riƙe kansa. Alhali mutumin nan yana iya riƙe kansa a gaban ɗiyar hakimi, yana iya riƙe kansa in yayyen yarinya na kusa, yana wuni da ƙishirwa cikin azumi ga randa a gabansa bai sha ba. Sai da ya duba hagu da dama, ya zaɓi ɗiyar talaka wadda ya san ba mai tsaya mata, ya zaɓi lokacin da layin ya yi tsit. Wanda ya yi wannan lissafi da hankalinsa ya yi shi. A Suratun Nur ma maza Allah Ya fara umarta da runtse ido da kiyaye farji a aya ta 30, sannan Ya zo kan mata a ta 31. Mu kuma sai mu tsallake ta farko mu riƙe ta biyu.

Masu cewa shiga ce da yawo ke jawowa, bari in tuna musu abin da ya faru a Kwanar Dangora ta jihar Kano, kan hanyar Zariya. A watan Yuni na 2020 'yan sanda suka ba da sanarwar kama wani mutum da ya amsa cewa ya yi wa mata kimanin 40 fyaɗe cikin shekara guda a garin. Katanga yake haurawa cikin dare ya iske mata a ɗakunansu. A cikinsu akwai yarinya 'yar shekara 10, akwai tsohuwa 'yar shekara 80. Don Allah wane jan baki tsohuwar nan ta sa? Wace talla ta fita? Asirinsa bai tonu ba sai ranar da wata uwa ta riske shi a ɗakin 'ya'yanta, maƙwabta suka fito suka bi shi. A wannan shekarar dai aka yi wa wata ɗaliba fyaɗe aka kashe ta a cikin coci a Benin inda ta je karatu, aka yi wa wata ɗaliba Musulma haka a gidan iyayenta a Ibadan. Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya ce ƙara 717 ta fyaɗe aka kai musu daga Janairu zuwa Mayu, har gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin.

Mu ma nan ba sai an ba mu labari ba. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara, matan aure nawa aka fizgo daga kan gadonsu, cikin kulle, miji na tsaye an ɗora masa bindiga? Wace rigakafi suka bari ba su yi ba? Amma duk da haka wasu da Allah Ya kuɓutar suka dawo, gori ya tare su a bakin rijiya da gidan biki, har da na 'yan uwansu mata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa zancen "me ya kai ta" ba neman gaskiya ba ne, ɗabi'a ce kawai ta ɗora wa mace.

Wani abin kuma, yawancin jan kunnen da muke yi baƙo yake nufi, mutumin duhu wanda ba a sani ba. Alhali da ɗan gari akan ci gari. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa cikin 'yan mata huɗu a Nijeriya ɗaya an ci zarafinta ta wannan fuska kafin ta cika shekara 18, cikin yara maza goma kuma ɗaya, kuma galibi wanda yaron ya sani ne ya aikata. Maƙwabci ne, mai shagon layi ne, ɗan uwan da ya zo ya sauka a gida ne, wani lokaci ma wanda aka damƙa wa amanar karatun yaran. Ɗiyarki da kika koya mata ta durƙusa ta gai da Baffa, kika ce duk babban da ya aike ta ta tafi ba musu, da wane baki za ki tambaye ta don me ta je da ya kira ta? Tarbiyyarki ta bi.

Sai zancen ihu. Masu cewa don me ba ta yi ihu ba, ina jin ba su taɓa haɗuwa da maciji a cikin ɗaki ba. Tsoro in ya kai maƙura jiki sandarewa yake, murya ta ɗauke, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Likitoci sun san wannan. A wani bincike da aka buga a 2017 a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, cikin mata 298 da suka je asibiti bayan fyaɗe, kashi 70 cikin ɗari sun ce jikinsu ya sandare a lokacin, sun kasa motsi. Manyan mata ke nan fa, balle yarinyar da ƙato ya toshe wa baki ya ce in ta faɗa sai ya yanka ta. Rashin ihu ba yarda ba ne.

In kuma addini muke taƙama da shi, to mu je ga addinin. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wata mata ta fita za ta sallah, wani ya tare ta ya fi ƙarfinta. Da magana ta zo gabansa sallamar matar ya yi da kyakkyawar magana, hukunci ya hau kan namijin. Bai tuhume ta da fitar da ta yi ba. Sayyadina Umar ma an kawo masa bawan da ya tilasta wa wata kuyanga, ya yi wa bawan bulala ya kore shi daga gari, ita kuwa bai taɓa ta ba. A mazhabarmu ta Malikiyya wadda aka tilasta babu haddi a kanta, shi kuwa bayan haddi sai ya biya ta sadakin irin matan da ke daidai da ita. To mu wa muka fi tsoron Allah da za mu ƙirƙiro mata laifin da Shari'a ba ta ba ta ba?

Yanzu ga inda abin ya fi ci mini rai. Zargin nan da muke yi shi ke haifar da shiru, shirun kuwa shi ne gonar da masu fyaɗe ke nomawa. Yarinyar da ta taɓa jin yadda kuka yi kaca-kaca da mai awara a gidan suna, ranar da abin ya same ta kina tsammanin za ta faɗa miki? Wanke jikinta za ta yi ta ɓoye zanen, ta kwanta ta ce zazzaɓi take yi. Shi kuwa mutumin ya samu lasisi, gobe ya sake, jibi ya koma kan ƙanwarta. Da mace ta farko a Kwanar Dangora ta san gari zai tsaya mata, da wuya lissafi ya kai 40.

Shirun nan kuma yana da tsada. A asibiti akwai maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau, amma sai an fara sha cikin awa 72. Akwai na hana shigar ciki, shi ma kwanakin farko yake aiki, ba ya wuce kwana 5. Shaidar da likita zai gani ya rubuta wanka da wanki na tafiya da ita. Ta fuskar Shari'a ma, littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya nuna cewa mai cikin da ba ta da miji in ta ce tilasta mata aka yi, ana neman alama, kamar a ce ta zo tana neman agaji ko tana jini a lokacin da abin ya faru. Wato kukan ranar farko shi ne hujjarta. A Tsafe ta jihar Zamfara, nan kan hanyarmu ta Gusau, an yanke wa wata yarinya hukunci a 2000 bayan ciki ya bayyana a jikinta. Ta ce maza uku ne suka tilasta mata, kotu ta ce babu shaida a kansu, aka yi mata bulala 100 a Janairun 2001, su kuwa ko ƙwarzane. Duk uwar da ta ce a yi shiru don a rufa asiri, ta sani cikin wata huɗu ba ya rufuwa, kuma ranar da ya fito yarinyar kaɗai zai nuna. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Marubutanmu ma ina da magana da ku, don littattafanku ne a ƙarƙashin filon 'yan mata. Sau nawa muke karanta labarin da yarinyar da aka yi wa fyaɗe dole sai an fara nuna ta da rashin jin magana, don mai karatu ya ce maganinta ke nan? Sau nawa ake ƙarewa da aura mata wanda ya cuce ta, wai ya tuba, ga shi kyakkyawa mai mota, har ta dawo tana mutuwar sonsa? Irin wannan labari yana koya wa yarinya cewa fyaɗe wata ƙofar soyayya ce, yana koya wa saurayi cewa in an hana shi ya ƙwata. Ku dubi yadda Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta yi a Wa Zai Auri Jahila? tun 1990. Abu yarinya ce 'yar shekara 13 da aka cire daga makaranta aka aura wa Sarkin Noma, ya yi mata ta ƙarfi. Marubuciyar ta ajiye laifi a kan manyan da suka aikata shi, ta bar Abu ta tashi ta yi ilmi ta zama ma'aikaciyar jinya. Ba ta ce rayuwarta ta ƙare ba. Mu kuwa ko a bakinmu cewa muke "an lalata ta", kamar tumatirin da ya kwana uku a kwando. Wanda ya aikata shi ne lalatacce, ita zalunta aka yi.

To ina rigakafin gaskiya yake? Yana wuyan manya. Yarinya ba ita ta ɗora wa kanta farantin talla ba, mu muka ɗora mata muka ce kada ta dawo da saura, don muna tara kuɗin kayan ɗaki. Na san halin da ake ciki, wani gidan in ba a fita da awarar ba, ba za a ɗora tukunya ba, ban zo in yi wa kowa gori ba. Amma in ya zama dole, su fita su biyu ko uku, su tsaya a fili inda jama'a suke, mai saye ya fito waje ya saya, kuma ki faɗa mata da bakinki cewa in kaya sun yi kwantai ta dawo da su ba za ki dake ta ba. Yara da yawa tsoron bulalar uwa ne ya shigar da su ɗakin da aka ce za a saye duka. Masu zuwa ƙwadagon tsinkar tumatir ko cirar auduga ko itace su tafi a ayari da babbar mace a ciki. Ki koya wa yaranki, mata da maza, cewa akwai wuraren jikinsu da ba mai ikon taɓawa, ko Kawu ne ko Malam, kuma duk wanda ya ba su kuɗi ya ce kada su faɗa wa Inna, shi ne farkon wanda za su faɗa. Ki lura da wanda ke yawan yi wa ɗiyarki kyauta ba dalili. Sannan ɗanki namiji, shi ma zaunar da shi za ki yi kamar yadda kike zaunar da ita, don duk wanda ya yi fyaɗe wata ce ta goya shi.

In kuwa ƙaddara ta faɗa, Allah Ya kiyaye, maganar farko da za ta fito bakinki ita ce za ta zauna a zuciyarta har ta tsufa. Ki rungume ta ki ce, "Na yarda da ke, ba laifinki ba ne, ina tare da ke." Kada ta yi wanka, ki naɗe kayan da ke jikinta ki ajiye, ku tafi babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ko wanda ya fi kusa a ranar, sannan a kai ƙara wurin 'yan sanda. Doka na bayanki. Tun Final Kot ta Arewa ta 1960 aka rubuta cewa yardar da aka samu da tsoratarwa ba yarda ba ce, kuma yarinyar da ba ta kai 14 ba, ba a ma zancen yardarta. Jihar Katsina ta yi dokar kare yara a 2020, ta kuma amince da dokar hana cin zarafin jama'a a ƙarshen 2023. Kada ki bari dattawan unguwa su zauna a zaure su sasanta da 'yan kuɗi da ban haƙuri, wanda aka yafe wa a zaure yau shi zai tare ɗiyar maƙwabciyarki gobe.

Ku kuma 'yan matana, ku kiyaye kanku iyakar iyawarku, ku ji maganar iyaye, wannan ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma wadda abin ya riga ya sama, ko da ta saɓa maganar uwa ta bi hanyar da aka hana ta, ta sani saɓa maganar daban, abin da aka yi mata daban, kuma wannan na biyun nauyinsa kacokan yana kan wanda ya aikata. Ki ɗaga kanki, ki nemi wadda kika amince da ita ki faɗa mata.

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ranar da aka sake kawo irin wannan zance a gidan suna ko wurin kitso, wata ta ce me ya kai ta, ke kuma ki ce, "Shi fa, wa ya aike shi, kuma yana ina yanzu?" Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba waɗanda aka zalunta lafiya da mafita, Ya tona asirin azzalumai, amin summa amin.